Motar da Ba Ta Son Inuwa

A zongon Sokode, a ƙasar Togo, dab da tashar motocin arewa, akwai wata rumfar gyaran babur da duk ɗan zemijan, wato mai haya da babur, ya san ta. Sun san ta ne don su riƙa kauce mata. Mai rumfar sunansa Abdulrauf. In ka kai masa babur yana tari, zai dawo maka da shi tarin ya tafi, sai dai duk sa'ad da ka taka birki oda ce za ta yi kuka. Ka yi magana ya ce, "Wannan ƙari ne na yi maka, kyauta. A Turai sai manya ake yi wa."

Maƙwabcin rumfarsa Bukari ne, mahauci mai tsire, ƙaton mutum mai sanyin magana. Tun suna makarantar allo suke tare, shi ya sa Bukari kaɗai ke iya gaya masa gaskiya ya kwana lafiya.

Wata Talata da hantsi Abdulrauf yana cin wake da shinkafa, rediyo na gefensa, sai aka yi sanarwa. Gwamnati za ta zuba jari a harkar motoci da babura masu aiki da lantarki, da wutar hasken rana, da masana'antun zamani. Za a yi baje koli a Dapaong, can arewacin ƙasar, nan da mako uku, kwamiti zai duba abin da 'yan ƙasa suka ƙera da hannunsu, wanda aikinsa ya burge za a taimaka masa ya kafa masana'anta.

Abdulrauf ya ajiye cokali a hankali.

"Bukari, ka ji? Ni suke nema. Sunana ne kawai ba su faɗa ba, saboda maƙiya."

Bukari bai ɗago daga naman da yake yanka ba. "Kai da ka gyara lasifikar masallaci ta koma kamo gidan rediyon Ghana ana tsakiyar huɗuba?"

"To ba ci gaba ba ne? Huɗuba da labarun duniya lokaci ɗaya. Mota zan ƙera, Bukari. Mai cin rana. Ba shan man esansi, ba hayaƙi, ba ƙara. Daga nan har Dapaong zan tuƙa ta da kaina, awa huɗu, in sauka in sha shayi."

"Ka taɓa ƙera ko keke?"

"Keke na yara ne. Ni daga sama nake farawa."

Kafin azahar ya goge allon rumfar ya rubuta sabo da jan fenti: KAMFANIN MOTOCIN GOBE, DIRAKTA JANAR INJINIYA ABDULRAUF. Fentin bai isa ba, sai harafin ƙarshe ya tsaya a rabi. Daga ranar duk wanda ya kira shi ba tare da Injiniya ba, sai ya yi kamar bai ji ba.

Gangar jikin motar tsohon keken kaya ne mai ƙafa uku da ya shekara huɗu kaji na ƙwai a cikinsa. Inji kuwa na markaɗe ne mai lantarki, wanda wata mata ta kawo gyara bara ta gaji da zarya ta bar shi. Ya kwaso doguwar kujerar falonsa ya ɗaure da waya a baya, ya ce ta manyan baƙi ce. Ya ciro murfin wadirof mai madubi ya yi ƙofa da shi, don fasinja ya riƙa ganin kansa yana tafiya cikin ci gaba. Abu biyu suka rage masa: faifan sola da batir.

Su kuwa suna kan rufin gidansa. Matarsa Memounatou ce ke da su, faifai biyu da batir biyu, da su firijinta ke aiki. Da firijin take yin ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, kuma duk zongo an san da cewa wannan firijin ne ke ɗora tukunyar gidan, ba rumfar gyara ba. Mahaifiyarta Hajiya Madina, babbar mai tumatir a kasuwar Dapaong, ita ta saya mata su.

Ya jira ranar da Memounatou ta tafi suna, ya hau rufi.

Da ta dawo ta buɗe firiji, sai ta tarar ƙanƙara ta koma ruwa, zoɓo ya yi ɗumi kamar an dafa shi yanzu, kunun aya ya fara kumfa. Ta ɗaga kai ta ga rufi fayau. Ko mayafi ba ta gyara ba ta nufi rumfa.

"Malam, ina fayafaina?"

"Injiniya."

"Malam Injiniya, ina fayafaina?"

"An ƙara musu girma. Da suna sanyaya zoɓo, yanzu za su ɗauki ƙasa gaba ɗaya su kai ta gaba. Ke ma an ƙara miki. Daga yau ke ce matar Dirakta Janar."

"Matar Dirakta Janar me za ta dafa gobe?"

"Mako ɗaya kawai. In aka ba ni masana'anta, firiji zan gina miki wanda za ki shiga ciki ki zauna."

"Ka gina wa kanka, don in na kai ƙararka wurin Inna nan za ka ɓuya."

Da ya ji an ambaci surukarsa sai ya ɗan yi tari. Duk duniya Hajiya Madina ce kaɗai Abdulrauf bai taɓa yi wa cika baki ba, don shekara goma sha ɗaya da aure bai taɓa iya ɗaga ido ya dube ta ba. Amma ya daure ya ce, "Ita ma Inna zan ɗauke ta a motar, ta zaga kasuwa."

Ranar Alhamis da hantsi aka yi bikin tashi. Zongo ya fito kaf. Masu shayi sun bar tebur, tela ya fito da almakashi a hannu, 'yan zemijan sun jera babura suna jiran abin dariya. Abdulrauf ya sa farar riga irin ta likitoci da hular kwano. Bukari kuwa ya zauna a kujerar falo, domin an naɗa shi Mataimakin Dirakta, kuma dama yana son zuwa Dapaong ya sayo zabi.

"Ina birki?" in ji Bukari, yana lalube da ido.

"Za ka gani."

Abdulrauf ya danna makunni. Injin markaɗe ya yi gurnani. Motar ta girgiza, ta yi shiru, sannan, ga mamakin kowa, ta motsa. Wallahi ta motsa. Mutane suka sa ihu. Ladan ya yi kabbara. Abdulrauf ya miƙe tsaye yana ɗaga hannu biyu, yana cewa, "Ku gaya wa 'ya'yanku kun gani da idonku!"

Tafiya dai take, amma irin tafiyar mai ciwon ƙafa. Wata tsohuwa ɗauke da itace ta zo ta bayansu, ta gaishe su, ta tambayi lafiyar iyali, ta wuce. Abdulrauf ya ce wa Bukari, "Sabon inji ba a matsa masa."

Da suka iso gindin babban mangwaron da ke bakin tasha, motar ta tsaya cik.

"Me ya faru?"

"Birkin ke nan da kake tambaya. Inuwa. Duk inda kake son tsayawa, ka nemi inuwa."

"In ba na son tsayawa fa?"

"Sai ka sauka ka tura."

Abin da ya faru shi ne, kwana biyu Abdulrauf yana gwada oda da fitila da rediyon motar ga duk wanda ya zo kallo, har batir ɗin Memounatou suka mutu murus. Yanzu abin da rana ta ba faifai nan take, shi kaɗai motar ke ci. Bukari ya sauka ya tura ta ta fita daga inuwar mangwaro. Ta yi taku ashirin ta shiga inuwar kantin siminti. Ya sake turawa. Wata babbar motar gawayi ta tsaya a gefensu, inuwarta ta rufe su, suka tsaya.

Abdulrauf ya leƙa ya daka wa direban tsawa. "Malam, janye inuwarka! Kana tare wa gwamnati hanya!"

Direban ya dube shi, ya dubi kujerar falo, ya dubi madubin wadirof, ya ce, "Ƙaura kuke yi?"

Wata mata mai lema ta tsaya kallo, ya roƙe ta ta rufe lemar. Wani dogon Bafulatani ya matso, ya ce masa don Allah ya koma ɓangaren yamma. Sai kuma, wajen azahar, wani ɗan guntun gajimare ya taso daga gabas, shi kaɗai a sararin sama, ya zo ya tsaya daidai kansu.

Abdulrauf ya cire hular kwano ya ɗaga kai. "Duk faɗin ƙasar Togo ba ka ga wurin tsayawa ba sai nan? Ga manoma can suna nemanka!"

Gajimaren bai tanka ba. Bukari ya zauna a bakin kwalta yana haki, rigarsa sharkaf. "Injiniya, wannan motar mai cin rana ce ko mai cin mahauci?"

La'asar sakaliya suka kai allon da ke nuna ƙarshen garin Sokode. Suna nan tsaye sai ga motar fasinja ta arewa ta rage gudu. Aka zuge gilashi, Memounatou ta leƙo.

"Sannu da hanya, Dirakta! In gaya wa Inna ta ɗora abincin rana na wace shekara?"

Motar ta wuce ana ta dariya a ciki.

Washegari Allah ya kawo Ɗantani, direban babbar mota da ke zuwa Dapaong ɗauko tumatir, bayan motarsa wayam. Abdulrauf ya ja shi gefe ya yi masa bayani cewa motar lafiyarta ƙalau, tausayin tayoyinta kawai yake ji. Ɗantani ya ce shi ba ruwansa, a ɗora. Sai da aka kwance fayafai, aka zare wayoyi, sannan majiya ƙarfi shida suka cicciɓa ta sama. Abdulrauf ya lulluɓe ta da tampol, ya sa Ɗantani ya yi alkawarin ba zai gaya wa kowa ba.

Suna hawan tudun Aledjo, babbar motar na nishi kamar za ta amayar da hanjinta, Abdulrauf ya ciro waya ya aika saƙon murya zuwa zauren 'yan zongo. "Jama'a, Injiniya ne ke magana. Mun kusa Bafilo. Mota tana gudu, sai da na riƙa roƙonta ta rage."

Nan da nan tela ya amso. "Injiniya, wannan ƙarar fa da muke ji kamar ta babbar mota?"

"Wata ce ke bin mu a baya tun ɗazu, ta kasa wuce mu."

A Kara ya ce sun tsaya ne don jama'a su ɗauki hoto. A Mango ya ce wani Bature ya yi tayin sayen motar, ya ƙi. Bukari dai yana kwance a kan tampol yana cin gyaɗa.

Safiyar Asabar, ranar baje koli, Dapaong ta tashi da hadari. Ba ruwa, ba rana, sama ta yi toka-toka daga wannan gefe zuwa wancan. Aka sauke motar a bayan filin da aka kafa rumfuna, dab da babbar kasuwa. Abdulrauf ya dubi sama ya ga babu wanda zai yi wa tsawa. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan janareta a bayan kujerar Ɗantani, irin wanda mutanen nan ke kira gurup.

"Ɗantani, ara mini wannan na awa ɗaya. Waya zan caja."

Ya samo akwatin katako, ya saka gurup a ciki, ya tura ƙarƙashin kujerar falo, ya huda rami ya fito da igiyar tayarwa ta baya. A jikin akwatin ya rubuta: SIRRIN KAMFANI.

Bukari ya riƙe haɓa. "Ba kai ka ce ba ta shan esansi ba?"

"Motar ba ta sha. Gurup ne ke sha. Shi kuwa fasinja ne, abin da fasinja ya sha ba ruwan direba."

"Ƙarar fa?"

Nan Abdulrauf ya yi murmushi. "Kai ba mahauci ba ne? Je ka wurin 'yan'uwanka na kasuwar nan ka samo mini masu kalangu. In na ɗaga hula, su saki kiɗa, kai kuma ka ja igiya."

Ya ɗaura fayafai a wurinsu, ya zauna mayar da wayoyin da aka zare. Da can ja da baƙi ne, amma ƙurar hanya da man inji sun mayar da su duk kala ɗaya. Ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan. Bukari ya ce ko a gwada tukuna. Ya ce, "Waya ai waya ce. Ni na haife su, sun san wurinsu." Suka tura motar da hannu har cikin fili, yana gaya wa masu kallo cewa ba ya son a ga fasahar kafin manya su iso.

Filin ya cika. Ga wasu 'yan mata daga makarantar koyon sana'a da akwatin busar da tumatir mai aiki da hasken rana. Ga wani manomi daga Nano da famfon ban ruwa na sola, yana ta zuba ruwa a baho shiru-shiru. Ga babura masu lantarki a jere suna ƙyalli. Abdulrauf ya zaga ya dube su ɗaya bayan ɗaya, hannu a baya, yana cewa, "Ba laifi. Ku ci gaba da ƙoƙari. Ni ma da haka na fara."

Shugabar kwamitin wata injiniya ce, Madam Anisa, 'yar siririya mai tabarau da farin leshi, riƙe da littafi. Ba ta da hayaniya. Da ta iso gaban motar sai ta tsaya, ta zaga ta sau ɗaya, ta ga fuskarta a madubin wadirof, ta gyara ɗankwali.

"Mushe, kai ka ƙera?" in ji ta, da Mushe irin na Faransanci, wato Malam.

"Injiniya Abdulrauf, Dirakta Janar. Da hannun nan biyu, Madam."

"Ƙarfin injin nawa ne?"

"Ya danganta da yadda ta tashi. Ran da ta ji daɗi, ba a magana."

"In an caja ta sau ɗaya, kilomita nawa take yi?"

"Madam, daga Sokode muke."

"Da ita kuka zo?"

"Tare muka zo. Ban rabu da ita ba ko na minti ɗaya."

Madam Anisa ta dubi tayoyin, ta dubi Bukari. Bukari ya dubi sama.

"Yau babu rana. Da me za ta tashi?"

"Ta ci ta jiya ta ƙoshi. Raƙumar mota ce."

"Wannan akwatin fa?"

"An rubuta a jiki, Madam."

Ta rufe littafinta. "To, mu gani. Zan hau."

Abdulrauf bai zaci haka ba, amma jama'a sun riga sun fara tafi. Ya buɗe mata murfin wadirof, ta zauna a kujerar falo, jaka a cinya. Ya hau gaba, ya gyara farar riga, ya ɗaga hular kwano sama. Masu kalangu uku suka saki kiɗa kamar ana bikin sarkin fawa. Bukari ya durƙusa a baya kamar mai ɗaure takalmi, ya ja igiya. Sau ɗaya, shiru. Sau biyu, shiru. A na uku gurup ya kama da wata irin ƙara da ta danne kalangu ukun gaba ɗaya. Shuɗin hayaƙi ya fara bulbulowa daga ƙarƙashin kujera, ta tsakanin ƙafafun Madam Anisa.

Ta ɗaga murya. "Mushe, wannan hayaƙin fa?"

"Turaren wuta ne, Madam! Kamfani ke ba fasinja kyauta!"

"Warin esansi yake yi!"

"Sabon ƙamshi ne, bai shigo kasuwa ba tukuna!"

Kafin ta sake magana ya danna makunni.

Tun da aka ƙera injin markaɗen nan bai taɓa samun wuta irin ta ranar ba. Ya yi wata kururuwa, tayoyin suka tona ƙasa, motar ta zabura da gudun da ba wanda ya taɓa zaton tana da shi. Sai dai baya ta yi.

Bukari ya yi tsalle gefe, ƙaton mutum, ya faɗa cikin bahon manomin Nano. Masu kalangu suka watse, amma ɗaya daga cikinsu, saboda amana, yana gudu yana kiɗa. Abdulrauf ya riƙe kan motar da hannu biyu, yana kallon gaba, gaban kuma yana ta nisa.

"Birki!" in ji Madam Anisa. "Taka birki!"

"Yanzu, Madam! Inuwa nake nema!"

Ya karkata ta ta nufi babbar rumfar manyan baƙi. Motar ta shiga inuwa sosai, inuwa mai kyau, mai kauri. Ba ta tsaya ba. Gurup bai san da wannan yarjejeniyar ba. Manyan baƙi suka tashi da manyan riguna suna tsallake kujeru. Motar ta fito ta ɗaya gefen da ƙyallen rumfar a kanta da kujerun roba huɗu suna biye, ta tsallaka hanya, ta kutsa kasuwa ta layin masu zabi.

Keji bakwai ta buɗe a wucewa ɗaya. Zabi suka tashi sama kamar an watsa tsakuwa, suna kuka, masu su na bin su suna kuka. Wata zabuwa ta sauka a cinyar Madam Anisa ta zauna. Abdulrauf, ƙyalle ya rufe masa fuska, yana ta faɗa wa mutanen da ba ya gani, "Ku ba da hanya! Gwaji ne! Duk cikin tsari ne!"

Ƙarshen layin zabi, nan rumfunan tumatir suke. A ranar kuwa an tara kwanduna arba'in cike, an jera su bisa juna, ana jiran babbar motar Ɗantani. Motar gobe ta shige su da baya har rabinta. Aka ji wani irin sauti mai laushi, mai tsawo. Tayoyin suka ci gaba da juyawa a cikin tumatir, suna feso shi sama kamar ruwan famfo, har sai da gurup ya shaƙe ya yi tari biyu ya mutu.

Kasuwa ta yi tsit.

Abdulrauf ya yaye ƙyalle daga fuskarsa. Farar rigarsa ta koma ja. Ya share ido. A gabansa, bisa wata 'yar kujera, wata dattijuwa ce zaune da carbi a hannu, ruwan tumatir na ɗiga daga gefen mayafinta. Kusa da ita Memounatou ce, riƙe da kofin shayi da wani tumatir ya faɗa ciki.

Ya sauko a hankali. Ya cire hular kwano. Ya durƙusa har ƙasa cikin dagwalon, ya sunkuyar da kai.

"Ina kwana, Inna. Mun same ku lafiya?"

Hajiya Madina ta dube shi ta dubi kwandunanta. "Lafiya kuka same mu, Abdulrauf. Ka ga dai yadda kuka bar mu."

"Dama cewa na yi in fara kawo miki ita ki sa albarka."

"Ta baya ake shigowa gaida surukai a Sokode?"

Ya ƙara sunkuyar da kai. Sai ga Ɗantani ya ratso taro yana haki. Ya ga kwandunan da zai ɗauka, ya ga akwatin sirri ya fashe, gurup ɗinsa kwance cikin jan ruwa.

"Gurup ɗina! Kai, ba waya ka ce za ka caja ba? Na ɗauko ka da wannan tarkacen tun daga Sokode a bayan motata, ko na gode ban ji ba, sai ka jiƙa mini gurup a miya?"

Taro ya ɗauki "Daga Sokode a bayan mota!" ana miƙa wa na baya. Wayoyi kuwa tun farkon tashin motar suke sama.

Madam Anisa ta sauko daga kujerar falo. Ta miƙa wa mai zabi zabuwarsa, ta cire tabarau ta goge da gefen da ya rage fari a leshinta, ta buɗe littafi.

Abdulrauf ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Madam, kin dai ji ƙarfin injin."

"Na ji, Mushe. Injin markaɗe ne, ko?"

"Asalinsa."

Ta dubi tumatir kwando arba'in da ya koma ruwa. "To shi dai ya yi aikinsa." Ta rubuta wani abu gajere ta tafi neman ruwa.

Memounatou ta ajiye kofin shayin. Ta buɗe jakarta ta ciro sukundireba, da alama tun daga Sokode ta zo da shi, ta hau kan motar ta kwance fayafanta ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka sauke batir, ta zauna a kansu.

Kwamiti ya zaɓi 'yan matan busar da tumatir da manomin Nano. Abdulrauf bai halarci sanarwar ba, yana bayan kasuwa yana bin zabi tare da Mataimakin Dirakta. Bayan nan Hajiya Madina ta sa aka ciro injin daga motar aka kafa shi a gaban rumfarta. Kwana uku Dirakta Janar yana tsaye yana markaɗa abin da ya rage na tumatir, mata na tafasawa suna ɗurawa a kwalabe, duk wadda ta zo wucewa sai ta ce, "Injiniya, a ƙara laushi." Kujerar falo kuwa Hajiya ta riƙe ta, ta ce ta dace da rumfar.

Ran Laraba ya hau motar fasinja zuwa gida, shi da Bukari. Tun daga Mango yake shirya abin da zai faɗa, har ya kammala: kwamiti ya ce fasahar ta yi wa ƙasar nan girma, a jira shekara biyar mutane su waye. Bai san hoton bidiyon ya riga shi isa Sokode da kwana huɗu ba, har an sa masa kiɗa.

Yana sauka a tasha ya tarar 'yan zemijan sun fi talatin a jere, kowa a kan babur ɗinsa, ba mai dariya. Babbansu ya ɗaga hannu. Gaba ɗaya suka ce, "Sannu da zuwa, Injiniya!" Sannan suka sa ƙafa a ƙasa suka fara tura baburansu baya-baya, a hankali, cikin ladabi, suna buɗe masa hanya. Mai shayi ya taso da kofi yana tafiya da baya. Tela ma ya fito daga shago da baya, ya yi tuntuɓe da bokiti.

Abdulrauf ya tsaya da jakarsa a hannu yana kallonsu. Ya daɗe. Sannan ya juya ga Bukari, ya girgiza kai cikin takaici.

"Ka gani ko? Ko mako ba a yi ba, har sun fara satar fasahar."